Yadda ake ɗaukar malamai, a horar da su, a shigar da yara rabin ajin gari a ƙarƙashin shirin tallafi

Shirin tallafi baƙo ne, yana da ranar sauka yana da ranar naɗe tabarma. Rabin ajin da ya buɗe a ƙauye kuwa ana son ya ci gaba bayan motar shirin ta daina zuwa. Saboda haka jerin aikin yana da ƙa'ida: a fara da ƙirga yara, sannan a san hannu nawa ake da ikon riƙewa, a horar da su, sai a buɗe littafin rajista daidai da ƙarfin waɗannan hannayen. Mafi yawan makarantun da suka watse sun bi jerin ne a juye. An fara da shela, yara 120 suka cika rumfa, sannan aka shiga neman wadda za ta tsaya a gabansu.

Ƙirga kafin shela

Ƙidayar gida-gida ake yi, ba tambayar dagaci "yara nawa ne a garin nan" ba, domin amsar da za a samu ta fatan alheri ce. A raba gari unguwa-unguwa, kowace unguwa a tura mutum biyu, mace da namiji, da ɗan rakiya daga mai unguwa. Macen ce za ta shiga cikin gida, tunda gidajen kulle ba su shiguwa ga namiji, kuma uwa ta fi uba sanin lokacin da ta haihu. Ana rubuta sunan yaro, sunan mai gidan, shekaru, jinsi, ko yana da wata lalura ta ji ko gani ko tafiya, da harshen da ake yi a gidan. Kada a tsallake rugagen Fulani da ke gefen gari, da gidajen da suka yi gudun hijira suka raɓu da wasu. Su ne ake mantawa, su ne kuma shirin ya ce don su ya zo.

A wannan zagayen a auna tazara. Ɗan shekara 3 ko 4 ba ya iya tafiyar da ɗan firamare ke yi. Duk unguwar da tafiyarta ta wuce minti 15 zuwa 20 da ƙafar yaro, ko akwai titi ko rafi ko kududdufi a tsakani, a ɗauka yaranta ba za su ɗore ba sai an shirya musu mai rakiya.

Tun a wannan matakin a je ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, a gana da sakataren ilimi, a kuma sanar da SUBEB, wato hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sanya kula da ƙananan yara cikin ilimin tushe, manufar ilimi ta ƙasa ta 2013 kuma ta ware shekara ɗaya ta share fage kafin aji ɗaya. Wato gwamnati tana da hurumi a kan abin, ita ce kuma mai gadonsa. A Nijar sufeton ilimi na yankin da kwamitin COGES, wato kwamitin iyaye da malamai mai kula da makarantar firamare mafi kusa, su ne ƙofar shiga. Makarantar da hukuma ba ta san da haihuwarta ba, da wuya ta karɓi rainonta daga baya.

Hannu nawa

Ma'aunin da manufar ilimi ta Najeriya ta ajiye shi ne malami ɗaya ga yara 25 a wannan mataki. A aikace malama ɗaya ba ta isa ɗaki ita kaɗai, ko da yaran 20 ne, saboda dalili mai sauƙi: yaro ɗaya ya ce zai yi fitsari, ta bi shi, ta bar sauran ba kowa. Don haka kowane ɗaki malama ɗaya da mataimakiya ɗaya, wadda ake ce wa mai raino. Idan 'yan shekara 3 ne zalla, a rage su zuwa 15 ko 20.

Ga lissafi. A ce ƙidaya ta nuna yara 96 'yan shekara 3 zuwa 5, kuɗin shirin kuma yana iya riƙe malamai 2 da masu raino 2. Gurbin da ake da shi 50 ne, ba 96 ba. Ana iya ninka shi da zama biyu, na safe da na yamma, amma a tuna yamma ta Islamiyya ce a garuruwa da yawa, kuma malamar da ta yi zama biyu a rana da alawus ɗaya ba za ta kai ƙarshen zango ba.

Bayan waɗannan, ana buƙatar mai zagayen duba aiki guda ɗaya ga makarantu 8 zuwa 10, da babur da kuɗin mai a cikin kasafi. Idan ana ba da kunu, a ɗauki mai dafawa daban, ko iyaye mata su yi karɓa-karɓa. Malamar da aka ɗora wa damun kunu ta rasa awa guda cikin awa uku da rabi na yininta. Sai kuma a horar da mace ɗaya ta ko-ta-kwana a kowace makaranta. Haihuwa za ta zo, takaba za ta zo, jinya za ta zo, aure zai ɗauke wata zuwa wani gari. Inda ba a tanadi madadi ba, ɗaki a rufe yake kwana arba'in ko fiye.

Wadda za a ɗauka

Nan ne siyasar gari ke shigowa. Idan aka ce wa dagaci ya kawo sunaye, zai kawo 'yarsa ko matar ƙanensa, ba don mugunta ba, don haka aka saba. Idan kuma aka kawo malama daga birni ba tare da shawara ba, za ta zo Talata ta koma Alhamis, kuɗin mota ya cinye alawus ɗin, iyaye kuma ba su san ta ba balle su danƙa mata ɗan shekara 3. Hanyar da ta fi ita ce a rubuta sharuɗɗa tukuna, a karanta su a bainar jama'a kafin a ambaci sunan kowa, sannan a buɗe ƙofa ga duk mai so.

Sharuɗɗan da suka fi amfani: ta kasance mazauniyar garin, ta kai shekara 18, tana jin harshen yaran kamar yadda iyayensu ke yi, tana iya karatu da rubutun boko da Hausa, ba a san ta da dukan yara ba. Takardar NCE, wato shaidar kammala kwalejin ilimi, ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a Najeriya, kuma kwalejojin ilimi suna da sashen kula da ƙananan yara. In akwai mai ita a garin, a ba ta fifiko, domin ita ce gwamnati za ta iya ɗauka aiki gobe. In babu, wadda ta gama sakandare tana iya riƙe ɗaki bayan horo, a kuma taimaka mata ta shiga karatun NCE na lokacin hutu ko na Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda ke koyarwa daga nesa. Mai raino ba ta buƙatar takarda. Dattijuwa mai haƙuri da ta iya tatsuniya da rarrashi ta fi budurwa mai satifiket a wannan gurbi.

Kwamitin tantancewa ya ƙunshi wakilin ofishin ilimi, hedimastan firamare, mutum biyu daga SBMC, wato kwamitin iyaye da mutanen gari mai kula da makaranta, ɗaya daga cikinsu mace, da ma'aikacin shirin. Dagaci da liman su zama iyayen taro, ba masu ba da maki ba. Wannan yana kare mutuncinsu su ma, don in 'yar wani ba ta samu ba, ba a ƙofarsu za a yi zarya ba.

Gwajin kashi uku ne. A ba ta sakin layi na Hausa ta karanta da ƙarfi, a yi mata shifta ta layi biyar, a ba ta rajistar gwaji ta cike. Sannan hira. Sannan, wanda ya fi duka nauyi, a tara yara 8 zuwa 10 a kan tabarma a ba ta minti 15 da su. Abin dubawa: ta tsuguna ta yi daidai da su ko tana tsaye a kansu? Ta tambayi sunayensu? Da yaro ya fashe da kuka, me ta yi? Hannunta ya nufi tsumagiya ko dundu? Wadda ta fi kowa iya magana a gaban kwamiti sau da yawa ita ce ke daskarewa a gaban yara.

In matar aure ce, a zauna da mijin kafin a sa hannu, a gaya masa kwanakin aiki, da cewa akwai horo na kwana a wani gari, da cewa mai zagaye yana iya zama namiji. Abin da ba a faɗa ba a farko shi ke zama "maigida ya hana" a wata na uku. Maza ma suna iya aikin, kuma a inda mata masu karatu suka yi ƙaranci ba makawa, amma a haɗa namiji da mai raino mace, kai yara bayan gida da sauya musu kaya su zama nata.

Kowa ya sa hannu a takardar yarjejeniya da Hausa: lokacin zuwa da tashi, adadin alawus da ranar biya, hutun haihuwa, da ƙa'idojin kare yara. Babu duka, babu zagi, babu aiken yaro gidan malama ko sa shi talla, babu keɓewa da yaro a ɗaki a rufe, babu ɗaukar hoton yara a watsa a waya. A rubuta wa za a kai wa ƙara, a kuma samar da hanya ta biyu da ba ta bi ta hannun malama ko hedimasta ba.

Alawus

Wannan shi ne ramin da makarantun gari suka fi faɗawa. Kuskure biyu ne. Na farko, a kira mace 'yar sa-kai a ba ta abin da bai kai ribar ƙosai ko kitso ba, alhali an cinye mata safiyar da take sana'a. Za ta karɓa don kunya, ta riƙa zuwa da farantin sayarwa, daga baya ta daina zuwa. Na biyu, shirin ya biya abin da ya zarce albashin malamin firamare na gwamnati da ke ɗakin kusa. Nan take gaba ta shiga tsakani, kuma ranar da shirin ya tafi babu mai iya ci gaba da biya.

A kafa adadin da ido biyu: ɗaya a kan mafi ƙarancin albashi, wanda dokar 2024 ta kai naira dubu 70 a wata a Najeriya ga mai aikin cikakken yini, ɗaya a kan abin da ƙaramar hukuma da gari za su iya ɗauka. Aikin rabin yini ne, a lissafa shi a haka, a faɗa a fili. A sa ƙarin tsadar rayuwa a kasafin kowace shekara, domin adadin da ya yi kyau a shekarar farko yana iya zama abin dariya a ta uku. A biya ta asusun banki ko ta waya kai tsaye, a rana ɗaya tsayayya kowane wata, har da watannin hutu. Kuɗin da ya bi ta hannu uku ba ya isa da cikarsa. Jinkirin wata biyu kuma yana rushe abin da horon mako biyu ya gina.

Gudummawar gari a fara ta tun shekarar farko, ko da kaɗan ce, kada a jira shekarar ƙarshe. Kuɗi a hannu yana wuya a ƙauye, amma hatsi da kaka ba ya wuya: tiya biyu ta gero ko dawa a kan kowane gida, ko gonar makaranta da ake nomewa da gayya. Sharaɗi ɗaya, kada gudummawar ta zama kuɗin shiga. Da zarar an kori yaro don ubansa bai kawo tiya ba, makarantar ta koma ta masu hali.

Horo

Malamar da ba a horar ba tana koyarwa ne yadda aka koyar da ita: yara a jere, ita a gaban allo, ana rera A B C har rana ta take. Iyaye ma abin da suke so su ji ke nan. Aikin horo shi ne ya cire wannan hoton daga kanta ya sa wani, kuma lacca ba ta yin wannan. Sai ta gani da ido, ta yi da hannu.

Horon farko ya zama kwana 10, a gama shi mako biyu kafin buɗe makaranta, a ɗakin rabin aji na gaske, ba a zauren otal ba. Mahalarta kada su wuce 25 zuwa 30 ga masu horarwa biyu. A yi shi da Hausa, littafin jagora ma da Hausa. Malama da mai rainonta su zo tare, don in ɗaya ta koyi sabon salo ɗaya ba ta koya ba, tsohon salon ne zai ci. A tanadi mai riƙe jarirai da wurin shayarwa, tunda wasu za su zo da goyo. A kauce wa azumi, da makon shuka, da ranar kasuwa. A kira mutane da sunansu, a duba fuska a ƙofa, domin inda akwai kuɗin zama akan sami wanda ba shi ne zai shiga aji ba ya zo ya zauna.

Kwana biyun farko na sanin yaro ne: abin da ɗan shekara 3 ke iyawa da wanda sai ɗan 5, dalilin da ya sa ba ya iya zama wuri ɗaya fiye da minti 10 zuwa 15, da yadda ake tsawatarwa ba duka. Wannan na ƙarshe yana buƙatar lokaci, don cewa "kada ki doke shi" ba ta wadatar, sai an ba ta abin da za ta yi a madadi: waƙar tattara hankali, tafi uku, sauya wa yaro wuri, ba shi aikin raba kaya. Kwana uku na gaba na tsarin yini ne. Misali, ƙarfe 8 tarba da gaisuwa da duba tsafta, 8 da rabi da'ira ta hira da waƙa, 9 kusurwoyin wasa, 10 wanke hannu da kunu, 10 da rabi wasan waje, 11 tatsuniya, 11 da rabi sallama. Kowace mahalarciya ta jagoranci kowane sashe aƙalla sau ɗaya.

Kwana ɗaya cur a ware shi ga haɗa kayan wasa daga abin da ke gari: murafun kwalba don ƙirga da ware launi, kara da laka don gini, ƙwallayen goruba, gwangwani da tsakuwa a ciki a matsayin kacau-kacau, 'yar tsana ta tsumma, tire na yashi don zana haruffa da yatsa, katunan hoto daga kwali. Dalilin nacewa a kan wannan shi ne kayan roba masu tsada da shiri ke kawowa sukan ƙare a akwati a kulle, malama na tsoron su lalace a tuhume ta. Abin da ta haɗa da hannunta ba ta jin tsoron ya karye. A guji duk abin da ya yi ƙanƙantar da yaro zai haɗiye ko ya cusa a hanci, irin su wake da ƙananan duwatsu, a ɗakin 'yan shekara 3.

Kwana ɗaya na lafiya, ma'aikacin asibitin gari ya zo ya koyar: wanke hannu da sabulu, haɗa ruwan gishiri da sukari na fakiti, gane zazzaɓi da kyanda da ciwon ido, abin yi in yaro ya shaƙe ko ya suma, da awon damtse da tef, inda ƙasa da santimita 11.5 ke nufin tamowa mai tsanani, tsakanin 11.5 da 12.5 kuma matsakaiciya, ga yaran da ba su cika shekara 5 ba. Malama ba ta ba da magani, turawa take yi. Kwana ɗaya na rajista da hulɗa da iyaye. Sauran biyun a kawo yara na gaske, kowace ta koyar, 'yan uwanta su duba su faɗi abin da suka gani.

Kwana goma ba ya mayar da kowa malama. Abin da ke yin aikin shi ne bibiya. Mai zagaye ya ziyarci kowane ɗaki sau biyu a wata, ya zauna tun tarba har sallama, sannan ya keɓe da malama ya faɗi abu biyu da ta yi daidai da abu ɗaya tak da za ta gyara kafin ya dawo. In ya zo da takardar maki 40 yana ta kyasta biro a gaban yara, sufeto ya zama, za a riƙa shirya masa wasan kwaikwayo duk ranar da aka ji ƙarar babur. Sau ɗaya a wata malaman makarantu 4 ko 5 maƙwabta su haɗu rabin yini a ɗakin ɗayarsu. Farkon kowane zango a yi kwana biyu na tuni. A guji horon miƙa-miƙa, inda aka horar da mutum biyar su horar da hamsin su ma su horar da wasu: kamar shayi ne da ake ta ƙara wa ruwa, na ƙarshe launi kawai yake samu. A kuma shigar da jami'in ofishin ilimi da malamin aji ɗaya cikin horon, a nemi sa hannun hukuma a kan takardar shaida don ta yi wa malama amfani bayan shirin.

Ranar rajista

Sanarwa ta bi ta bakin da ake saurara: liman bayan sallar Juma'a, mai shela a unguwanni, malamar Islamiyyar matan aure, ungozoma, gidan suna da gidan biki. Tambayoyin iyaye sanannu ne, a amsa su kafin a yi. Ba za a hana yaro makarantar allo ba, shi ya sa ake tashi kafin azahar, kuma yana da kyau a zauna da malamin allo a daidaita lokaci. Ba a biyan kuɗi. Ba dole sai da yunifom ko takalmi ba. Kada a yi alkawarin abinci ko jaka in ba a tabbatar da su ba, don yaron da aka kawo saboda biskit yana tafiya ranar da biskit ya ƙare.

A yi rajista kwana uku a jere, mako biyu kafin buɗewa, wato farkon Satumba a Najeriya, a Nijar kuwa gab da Oktoba. Uwa ko mai riƙon yaro ta zo da shi a gan shi. Ana rubuta cikakken suna da sunan da ake kiransa da shi a gida, domin a ɗaki ɗaya za a iya samun Muhammadu biyar da A'isha shida, kuma yaron da ake ce wa Ɗanlami ko Ladidi ba zai amsa sunan yanka ba. A rubuta wanda zai riƙa kawo shi da ɗaukarsa, da lambar waya biyu, da duk wata lalura kamar sikila ko farfaɗiya ko asma.

Shekaru su ne matsala. Takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ita ce hujja ta farko, katin rigakafi ta biyu. In babu ko ɗaya, a yi amfani da kalandar abubuwan da gari ya sani, wadda aka shirya da dattawa tun kafin ranar: damina nawa ya gani, kafin babbar Sallah aka haife shi ko bayanta, shi da ɗan wane wa ya girmi wani. Dabarar ɗora hannu bisa kai a taɓo kunne tana nuna yaro ya kusa shekara 5 ko 6, amma ba a yanke hukunci da ita kaɗai, domin yaron da tamowa ta tsumburar zai faɗi gwajin alhali ya kai. Wanda ya fara famfara ya isa aji ɗaya, a haɗa shi da hedimasta a ranar. Rashin takarda kada ya hana kowa shiga. Gara a gayyato magatakardan hukumar ƙidaya da ma'aikatan rigakafi su kafa tebur a wurin, a yi jifa ɗaya a sami tsuntsu uku.

In masu nema sun fi gurbi, ƙa'idar zaɓe ta zama an sanar da ita tun a shela. 'Yan shekara 5 ne farko, don su ne ba su da wata dama kafin aji ɗaya. Sai marayu, da masu lalura, da 'ya'yan gidajen da kwamiti ya shaida ba su da ƙarfi. A raba gurbi rabi mata rabi maza. Abin da ya rage a yi ƙuri'a a gaban kowa, sauran a rubuta su a jerin jira da lamba. Tsarin wanda ya riga zuwa shi ya samu yana kama da adalci, amma gidajen da ke kusa da fada da kasuwa ne ke fara jin labari.

Sai ƙannen da ke biyo yayye. 'Yar shekara 5 za ta zo da ɗan shekara 2 a baya, don uwar ta tafi gona ko ɗibar ruwa. In aka kore su, yarinyar ce aka rasa. In aka ƙyale, ɗaki ya zama gidan raino. Abin da ke aiki shi ne iyaye mata su shirya karɓa-karɓa, biyu a kowace rana, a inuwa daban da tabarma, waɗannan ƙananan kuma ba sa shiga rajista.

Bayan an buɗe

Makon farko na kuka ne. A karɓi yara kashi-kashi, 10 ranar farko, a ƙara 10 washegari, a bar iyaye mata su ɗan zauna. Ana kiran suna kowace safiya, kuma adadin da shiri zai riƙa dubawa shi ne na masu zuwa, ba na waɗanda aka rubuta ba. In aka ɗaura alawus ko yabo a kan yawan sunaye, rajista za ta cika da yaran da ba a taɓa gani ba. Mai zagaye ya ƙirga kawuna da kansa ya gwada da littafi.

Yaro ya yi fashin kwana uku a jere, mai raino ko wata daga kwamiti ta leƙa gidan, da sigar gaisuwa ba tuhuma ba. Ya yi mako huɗu ba dalili bayan ziyara biyu, a ba na farko a jerin jira gurbinsa. A sa ran raguwa a wasu lokuta: ranar kasuwa, tsakiyar damina lokacin zazzaɓin cizon sauro, kaka, sanyin hunturu da safe, da rani in iyalai suka tafi ci-rani ko makiyaya suka tashi. Da hunturu a jinkirta buɗewa zuwa ƙarfe 9, da bazara a tashi da wuri.

A zango na uku a kai 'yan shekara 5 ziyara ajin ɗaya sau biyu ko uku, su ga malamin, su zauna a benci. A miƙa wa hedimasta jerin sunayensu da kwafi ga ofishin ilimi, sannan a mako na biyu na sabuwar shekara a je da jerin a kira suna a ajin ɗaya, a bi gidan duk wanda bai bayyana ba. Haka kuma, shekara guda kafin shirin ya ƙare, a kai wa sakataren ilimi fayil na kowace malama, da takardunta na makaranta, da shaidar horo, da rajistar halartarta, tare da wasiƙar kwamitin SBMC mai neman a saka ta cikin ɗaukar ma'aikata na gaba. A kai shi kafin a rufe kasafin kuɗin shekara, a karɓi hatimin shaidar karɓa a kan kwafi, kwafin kuma ya zauna a hannun shugaban kwamiti.